Tasirin Alfred Jost: daga cikin zomanya zuwa ɗakin haihuwa

Tambaya daga wata ɗalibar likitanci a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai: Malam, an ba ni aikin rubuta babi a kan tasirin Alfred Jost a ilimin haihuwa da yadda jinsin ɗan tayi ke samuwa. Na duba yawan ambaton ayyukansa a intanet, sai na ga alƙaluman ba su kai girman sunan da ake kira mana a aji ba. Da me zan auna tasirinsa? Kuma gwajin da aka yi a kan zomaye tun ba a haifi iyayenmu ba, me zai amfane mu da shi a matarnite?

Ƴata, bari mu kawar da zancen alƙaluma tukuna, don shi ne mai sauƙi.

Ƙidayar ambato, wato sau nawa wasu masana suka kira aikin mutum a rubutunsu, Eugene Garfield ne ya kawo shawararta a 1955. Ma'aunin h kuwa na baya-bayan nan ne, Jorge Hirsch ya fito da shi a 2005: in an ce h na wane 20 ne, yana da maƙala 20 ke nan da kowace aka ambata aƙalla sau 20. Suna da amfani in za ki gwada mutum biyu ƴan zamani ɗaya, ƴan fage ɗaya. Kina fita daga nan sai su fara yi miki ƙarya. Jost, masanin Faransa da ya yi gwajinsa a kan ƴaƴan tayin zomaye, ya buga manyan maƙalunsa a 1947, da Faransanci, a wata mujallar Paris, lokacin da mujallu da masu bincike ba su kai ko kusa da yawan na yau ba. Daga baya abin da ya gano ya shiga littattafan aji, kuma abin da ya shiga littafin aji ba a cika waiwayar mai shi ba. Mai rubutu a yau zai ce maraina na fitar da sinadarai biyu, ya wuce abinsa, ko ya jingina zancen ga wata maƙalar bita ta bara. Google Scholar da Scopus da Web of Science kuma kowanne lambarsa daban ga mutum guda, saboda ba rumbu ɗaya suke ƙirgawa ba. In dole sai kin sa lamba a babinki, ki faɗi inda kika ɗauko ta da ranar da kika ɗauko, ki tace sunan da hannu, don ba shi kaɗai ne A. Jost a duniya ba. Ke ma ki yi hattara da wannan tun yanzu. Sunayenmu suna rikita kwamfuta: wannan mujalla ta ɗauki sunan yanka, waccan ta ɗauki na uba, aikin mutum ɗaya ya rabu gida uku. Ki buɗe lambar ORCID, wato lambar shaidar mai bincike, kyauta ce, ki tsaya a kan rubutun suna guda. Ran da za ki kai takardunki gaban CAMES, hukumar nan mai tantance malaman jami'a da aka kafa a nan Yamai a 1968 wadda yanzu take Wagadugu, za ki ga amfaninsa.

Tasirin mai bincike irin Jost ana gane shi ne daga wace gardama ya kashe, su wa suka ɗora gini a kan aikinsa, ina aka gyara masa, kuma me likita ke yi yau a bakin gado wanda da ba don shi ba da bai san yi ba.

Gardamar daga shanu ta taso. Makiyayin da ya daɗe da garke zai gaya miki cewa in saniya ta haifi tagwaye, maraƙi da maraƙa, to macen ba ta cika yin barbara ta ɗauka ba. Fiye da 90 cikin 100 juya suke zama. A 1916 Frank Lillie, da ya riƙa karɓo mahaifun shanu daga mayankar Shikago, da Keller da Tandler a Ostiriya, kowa ta hanyarsa, suka nuna cewa jijiyoyin jinin mabiyiyar tagwayen suna haɗewa, jinin namijin yana shiga jikin ƴar'uwarsa. Sai Lillie ya ce lalle akwai wani abu a jinin namijin da ke lalata kayan haihuwar macen. Matsalar ita ce, da aka samu testosteron, sinadarin maza na maraina, a shekarun 1930 aka yi ta ɗura wa dabbobi masu ciki, ƴaƴan mata suna fitowa da siffar maza a waje amma mahaifarsu na nan daram, ba irin ta maraƙar tagwaye ba. Carl Moore, shi ma a Shikago, ya fiɗiye ƴaƴan wata dabba mai jaka ya ga girmansu bai sauya ba, har ya yanke cewa sinadaran maraina ba su da hannu a lamarin. Haka aka tsaya, kowa da hujjarsa. (In kina da dangi masu shanu wajen Abalak ko Tchintabaraden, gwajin maraƙar tagwaye ba shi da wuya: a ƙasa da wata ɗaya, a sa siririn bututu mai santsi marar kaifi a hankali. Lafiyayyar maraƙa zurfin farjinta santimita 13 zuwa 15 ne, juyar kuwa 5 zuwa 8 sai bututun ya tokare. Gara a sani da wuri a yi kiwonta don nama da a shekara uku ana jiran ciki.)

Ki tuna yadda ɗan tayi yake kafin ki ga abin da Jost ya yi. Har mako na 6, namiji da mace ba su da bambanci a ido. Kowanne yana da tushe biyu da ba su zama maraina ba, ba su zama gidan ƙwai ba, kuma a kowane gefe akwai bututu iri biyu: na Wolff, wanda in ya rayu shi ke zama hanyoyin maniyyi, da na Müller, wanda in ya rayu shi ke zama bututun ƙwai da mahaifa da saman farji. Ɗaya zai rayu, ɗaya ya shanye. Tambayar ita ce wa ke yanke hukuncin.

Jost, haifaffen Strasbourg a 1916, yana ɗan shekara 31 ya yi abin da ake ganin ba zai yiwu ba. Cikin zomanya kwana 31 ne ko kusa da haka. Sai ya buɗe cikin uwar, ya tsaga mahaifa, ya cire wa ɗan tayin tushen nan biyu, ya mayar ya ɗinke, ya bar cikin ya ci gaba, sannan ya duba dab da haihuwa. Wanda aka cire wa da wuri, wajen kwana na 19 zuwa 21, ko namiji ne ko mace, ya tashi da mahaifa da bututun ƙwai da al'aurar mace, bututun Wolff ya ɓace. Namijin da aka jinkirta wa da kwana biyu ko uku sai ya fito rabi da rabi, wanda kuma aka makara ƙwarai bai sauya ba. Nan kuskuren Moore ya fito fili: ya zo ne bayan an gama aiki. Kowane sashe yana da ƴan kwanakin da yake jin kiran sinadari, kamar laka a hannun mai ginin tukunya, tana ɗanya ake ba ta siffa, in ta bushe sai haƙuri.

Gwaji na biyu ya fi na farko nauyi. Ya dasa guntun maraina a gefe ɗaya na cikin ɗan tayi mace. A wannan gefen kawai bututun Müller ya shanye, na Wolff ya rayu, ɗaya gefen kuwa yana nan yadda yake. Ke nan abin da maraina ke fitarwa yana aiki ne a maƙwabtansa na kusa. Sai ya sake, wannan karon maimakon maraina ya dasa ƙwayar testosteron zalla. Bututun Wolff ya rayu, siffar namiji ta bayyana, amma bututun Müller ko gezau. Hukuncin da ya fitar: maraina na ɗan tayi suna fitar da abu biyu, ɗaya mai gina namiji, ɗaya mai rushe bututun Müller, kuma na biyun ba testosteron ba ne. Bai ga sinadarin ba, bai riƙe shi a kwalba ba. Daga abin da ya rage a cikin zomo ya gane akwai shi.

Sai da aka shekara 37 kafin a kama shi, kuma tarihin wannan nema shi ne hujjar tasiri mafi ƙarfi da za ki sa a babinki. Régine Picon ta tsara hanyar gwada ƙarfinsa a faranti a 1969. Nathalie Josso, likitar yara a Paris, ta nuna ƙwayoyin Sertoli na cikin maraina ne ke yin sa, sannan ita da Jean-Yves Picard suka tace shi daga marainan maruƙa a 1984. A 1986 rukuninsu da na Richard Cate da Patricia Donahoe a Amurka suka gano ƙwayar gadonsa. Wannan sinadari mai rushe bututun Müller shi ne AMH da kike gani a takardun labo. A nan aka warware zancen maraƙar tagwaye: AMH na ɗan'uwanta ne ke bi ta jini ya lalata mata mahaifa. An kuma gano cewa ƙananan ƙwayayen da ke girma a gidan ƙwan mace suna fitar da shi, shi ya sa tun farkon shekarun 2000 ake auna shi don kimanta yawan ƙwan da ya rage wa mace. Yawa yake nunawa ba inganci ba, kuma ba ya faɗin ko mace za ta yi ciki a bana, sai ki yi hankali da masu tsorata mata da shi. Dubban maƙalu a kan wannan gwajin ba sa kiran sunan Jost, alhali daga zomayensa suka fito.

Ta wani gefen kuma aikinsa ya taƙaita tambayar. Tunda maraina ne ke jan ragamar sauran, abin nema kawai shi ne me ke sa tushe ya zama maraina. A ƙullin gado mace XX ce, namiji XY. A 1959 aka ga mai XXY namiji ne, mai X ɗaya tilo mace ce, aka san amsar tana kan Y. A 1990 rukunin Peter Goodfellow da na Robin Lovell-Badge a Landan suka gano SRY, ƙwayar gadon da ke kan Y mai sa tushe ya zama maraina, a 1991 Peter Koopman ya sa ta a ɓera mai XX ya tashi namiji da maraina. A 1974 kuma Julianne Imperato-McGinley, daga binciken wasu iyalai a Jamhuriyar Dominika, ta nuna cewa al'aurar waje ba testosteron kai tsaye take ji ba, sai an juya shi zuwa DHT, wani sinadarin maza da ya fi shi ƙarfi. Daga wannan layin aka samu maganin finasteride na kumburin furostat.

Kada ki rubuta babin yabo zalla. An gyara masa, kuma gyaran ma tasiri ne, don ba a ɓata shekaru wajen gyara aikin banza. Ɗalibai sun haddace cewa mace ita ce abin da ke faruwa in ba a yi komai ba. Wannan ya wuce abin da gwajin ya nuna. Gidan ƙwai yana da nasa masu gini, ƙwayoyin gado irin su WNT4 da aka bayyana aikinta a 1999 da RSPO1 a 2006, kuma a 2009 aka nuna cewa in an kashe ƙwayar gadon FOXL2 a babbar ɓera, ƙwayoyin gidan ƙwanta sai su fara komawa irin na maraina. A 2017 rukunin Humphrey Yao ya nuna cewa ko ɓacewar bututun Wolff a mace aiki ne da jiki ke yi da gangan. Saukowar maraina zuwa jaka kuma tana buƙatar sinadari na uku, INSL3, wanda aka tabbatar a 1999. Duk da haka ƙashin bayan bai karye ba.

Yanzu mu shiga ɗakin haihuwa, inda a ganina babinki ya kamata ya fi daɗewa. Ana ƙiyasta jariri 1 cikin 4,500 ke zuwa da al'aurar da ba a iya cewa namiji ko mace kai tsaye. Abin da Jost ya bar miki tambayoyi biyu ne da za ki yi wa jikin jaririn. Akwai mahaifa? In babu, galibi AMH ya yi aiki, ke nan akwai naman maraina. Al'aurar waje ta karkata ga namiji? In ta karkata, androjen, wato sinadarin maza irin testosteron, ya isa wurin tsakanin mako na 9 da na 13 ko bayan haka, daga maraina ko daga wani wuri. Ki haɗa amsoshin biyu ki ga yadda cututtukan ke jeruwa da kansu. Mai XY da tushensa bai zama maraina ba, ciwon Swyer, yana da mahaifa da siffar mace: zomon Jost da aka fiɗiye ke nan sak, kuma ana cire ragowar tushen saboda haɗarin daji. Mai XY da jikinta ba ya jin androjen tana da maraina a ciki, babu mahaifa domin AMH ya yi aikinsa, waje kuwa mace ce sosai. Takan zo ne da gwaiwa tana yarinya, ko ta balaga nono ya fito al'ada shiru. Yaron da AMH ɗinsa ko makarɓarsa ta lalace namiji ne cikakke a waje, sai likitan tiyata ya buɗe gwaiwa ya ci karo da mahaifa. Wanda ke da maraina a gefe ɗaya da bututun ƙwai a ɗaya gefen, jaka ɓari guda cike ɓari guda fayau, dashen gefe ɗaya ne na Jost a jikin ɗan'adam. Ki dai riƙe togaciya guda: budurwa mai XX da lafiyayyen gidan ƙwai tana iya rasa mahaifa ba tare da AMH ba, ciwon Rokitansky ke nan.

Saura guda, ita ce mai kisa. Jaririya mai XX, mahaifarta na nan domin babu maraina babu AMH, amma waje ya koma na namiji domin surenal, ƴar halittar nan da ke zaune bisa ƙoda, ta kasa yin sinadarinta mai suna kortizol sai take ta zubo androjen. Ƙwayar testosteron ta Jost ce a jikin mace. Fiye da 90 cikin 100 rashin sinadarin 21-hidroksilaz ne, wanda ake haɗa kortizol da shi, ana samun sa a kusan haihuwa 1 cikin 15,000 a duniya, kuma kusan kashi uku cikin huɗu na masu tsananinsa suna zubar da gishirin jikinsu ta fitsari. Abin tsoron shi ne lokacin: kwanakin farko jaririn lafiya lau, an sallami mai jego, sai tsakanin mako na 1 da na 3, wato daidai hidimar suna da bayanta, ya fara ƙin nono, amai, rama, maɗiga ta faɗa, jiki ya saki. A ce gudawa ce ko ciwon cibiya ko iska, a yi ta jiƙe-jiƙe, kafin a iso gidan likita zuciya ta tsaya saboda yawan potasiyom.

Don haka hannunki shi ne na'urar farko. Ki ɗumama shi, ki kwantar da jaririn ƙafafu a buɗe, ki shafo daga saman ƙashin ƙugu ki biyo layin da kaluluwa ke fita har zuwa jaka ko leɓe, kina neman ƙwallo. Abin da kika taɓa a nan kusan kullum maraina ne, gidan ƙwai ba ya cika saukowa. In ba ki taɓa komai ba a gefe biyu, ko da jaririn ya yi kama da namiji sarai, ki ɗauke shi a matsayin mace mai ciwon surenal har sai an tabbatar da akasin haka. Da yawa an raɗa musu sunan maza an ce maraina ne ba su sauko ba. Ki auna tsawon gaban da ƴar rula, kin danna kitsen mara kin miƙar da shi: na jariri cikakken wata wajen santimita 3.5 ne, ƙasa da 2.5 ƙarami ne, ɗantsaka kuma da ya kai santimita 1 ya yi girma. Ki duba inda fitsari ke fita, da ko ƙofa ɗaya ce ko biyu. Ki rubuta abin da kika gani da ma'aunin Prader mai nuna yadda al'aurar ta karkata ga namiji, 1 zuwa 5, ban da kalmar namiji ko mace. Ki tambayi uwa magungunan da ta sha da ciki, ko muryarta ta buɗe ko gashi ya fito mata, ko auren zumunci ne, da ko an taɓa rasa jariri a gidan a makonnin farko ba tare da an san dalili ba.

Eko, wato hoton cikin jaririn don neman mahaifa, a kwanakin farko yana da sauƙi fiye da daga baya, domin sinadaran uwa sun kumbura mahaifar jaririya, takan kai santimita 3 da wani abu, tana kwance bayan mafitsara. A ba da nono a jira mafitsara ta cika, in ba haka ba mai dubawa zai ce babu alhali akwai. Sodiyom da potasiyom da sukari a auna su tun rana ta 3 ko 4, a riƙa maimaitawa kullum ko bayan kwana biyu har mako na 3. Sakamako mai kyau a rana ta 2 ba ya wanke kowa. Abin da ake tsoro shi ne sodiyom na sauka, potasiyom na hawa. Nan ne ake bambanta shi da toshewar bakin tumbi, wadda ita ma amai take kawowa a waɗannan makonnin amma potasiyom ƙasa yake yi. Ki sani kuma jinin da aka matse daga diddige, ko ya daɗe a zafinmu kafin ya isa labo, jajayen ƙwayoyinsa suna fashewa su ba da potasiyom na ƙarya. A sake ɗiba daga jijiya, amma in jaririn ya galabaita kada a tsaya jira. Gwajin 17-OHP, sinadarin da ke taruwa a jinin mai ciwon surenal, sai bayan awa 48, kafin nan kowane jariri nasa a sama yake, haka bakwaini da marar lafiya. Mai cutar sosai yakan wuce nanomol 300 a lita. In samfurin tafiya zai yi, daga Tawa zuwa Yamai ko zuwa waje, a ware ruwan jinin a daskarar da shi. Na kariyotip, gwajin da ke nuna XX ne ko XY, akasin haka ne: kwalba mai heparin, mililita 2 zuwa 3, ba a daskarewa sam domin ƙwayoyi masu rai ake so, a kare shi daga zafi ya isa cikin kwana ɗaya ko biyu. Yawancin samfuran da ke lalacewa, an saka su ne a kwalbar da ba tasu ba ko an jefa su cikin ƙanƙara.

In jariri ya zo a galabaice, a ɗibi jini a ajiye, a fara magani nan take: ruwan gishiri na 0.9, mililita 20 a kowane kilo ta jijiya, a maimaita in da buƙata. Hidrokortizon, madadin kortizol ɗin da babu, miligiram 25 ta jijiya, in jijiya ta ɓuya a yi a tsoka. In sukari ya faɗi, gulukos na kashi 10, mililita 2 zuwa 5 a kilo. Kada a rataya ruwa mai potasiyom. Bayan ya farfaɗo, maganin rayuwa ne: hidrokortizon miligiram 10 zuwa 15 a kowace murabba'in mita ta faɗin jiki a rana, kashi uku, fuludrokortizon miligiram 0.05 zuwa 0.2, da gishiri giram 1 zuwa 2 a rana a raba cikin shayarwa a watannin farko, don nono ba shi da gishiri sosai. Tun 1950 Lawson Wilkins ya nuna kortizon na danne cutar. Wahalar a aikace take. Faɗin jikin jariri bai wuce 0.2 zuwa 0.25 ba, ke nan wajen miligiram 1 sau uku, ƙwayar da ke farmasi kuwa ta miligiram 10 ce. Uwa ba za ta iya raba ta goma da reza ba. Mai haɗa magani ne zai auna ya ƙulla, ko a koya mata narkarwa a ruwan da aka auna, ta girgiza, ta ja da sirinji, ta zubar da saura. Deksametazon da ke ko'ina a kasuwa ba madadi ba ne ga yaro, yana tsayar da girma. Ranar zazzaɓi mai zafi, kuma ga mu a ƙasar sauro, a ninka hidrokortizon sau biyu ko uku. In amai ya hana sha, allura da gaggawa. A watannin zafi, Afrilu da Mayu, gumi na ƙara kwashe gishiri. Sannan kada a bari maganin ya yanke ko na kwana biyu, a sayi na gaba tun na hannu bai ƙare ba.

Abin da za ki faɗa wa iyaye a sa'ar farko ya fi komai daɗewa a zuciyarsu. Kada ki yi canki-canka, kada kuma ungozoma ta fita ta yi albishir a bakin ƙofa. Ki zaunar da uwa da uba tare a keɓe, ki nuna musu jikin ɗansu, ki ce: "Baba, Allah ya ba ku jariri, ga shi yana numfashi yana shan nono. Al'aurarsa ce ba ta gama bayyana ba, akwai gwajin da za mu yi kafin mu gaya muku abin da muka tabbatar." Matsin ranar suna gaskiya ne, kada ki raina shi. Abin da ke sauƙaƙawa shi ne a mazhabar Malikiyya dabba ɗaya ce ake yankawa ga namiji da mace, kuma malaman fiƙihu sun daɗe da sanin wannan halitta, suna da babinta. Uba ya sami liman su yi magana a asirce a kan yadda za a yi da sunan. Ki ja kunnensu a kan wanzami: kada aska ta taɓa wurin. Yanke ɗantsakan da ya yi girma zubar jini ne da lalata jijiyoyin da ba sa dawowa, kuma dokar Nijar ta hana tun 2003. Yaron da ƙofar fitsarinsa ke ƙasa ba a yi masa kaciya, da fatar ake gyara. Takardar haihuwa ma a yi hankali wajen cike gurbin jinsi, don gyaranta sai an bi ta kotu.

Zaɓin jinsin da za a rena yaro a kai ba aikin mutum ɗaya ba ne, kuma kariyotip kaɗai ba ya yanke shi. Taron masana na Shikago a 2005 ya tsaya a kan cewa likitan yara da na sinadarai da na tiyata da mai kula da tunani su zauna tare da iyaye. Mai XX da ciwon surenal galibi mace ake renonta, tana da mahaifa da ƙwai, tana iya haihuwa. Mai XY da ba ta jin androjen sam mace ce kuma haka take jin kanta. Mai ƙarancin DHT kuwa in an rene shi mace, balaga na zuwa murya ta buɗe, jiki ya murɗe, fiye da rabi suna komawa rayuwar maza, shi ya sa gano shi tun yana jariri ke da muhimmanci. Tiyatar gyaran siffa ana gardamar lokacinta har yau. Ra'ayina, abin da ya shafi fitar fitsari ko haɗarin daji a yi shi, abin da kuwa don idon mutane ne kawai kuma ba ya komawa, babu gaggawa a cikinsa.

Kafin a sallame su ki yi zancen ciki na gaba. Ciwon surenal sai uwa da uba duka suna ɗauke da shi a ɓoye, ba laifin ɗayansu ba ne, ki faɗi wannan a gaban uwar miji in ta samu. Kowane ciki yana da haɗarin 1 cikin 4, kuma lissafin ba ya tuna na baya. Namiji mai cutar ba ya nuna komai a al'aura, duhun fatar jaka da littattafai ke faɗa ba ya ganuwa sosai a fatarmu, shi ya sa su aka fi rasawa. Duk jaririn da aka sake haifa a gidan, namiji ko mace, a haife shi a gidan likita, a auna masa sodiyom da potasiyom da 17-OHP kafin ranar suna, a sake auna gishirin a mako na biyu. Yayyensa kuma a duba su: yaro ɗan shekara 3 ko 4 da ya fi tsaransa tsawo, gashin mara ya fito, gaba ya girma amma maraina ƙanana, a kai shi gwaji, a ɗauki hoton ƙashin hannunsa na hagu don a ga shekarun ƙashi.